Yaushe rabonka da ɗaga kai sama?

Jiya da daddare aka ɗauke wuta, zafi ya koro mu tsakar gida. Na shimfiɗa tabarma na kwanta rigingine, amma fuskata tana cikin waya. Ina ta shafa allo sai na ci karo da wani hoto: baƙi ƙirin, da ɗan ɗigo ja a tsakiya kamar an ɗiga manja. Har zan wuce, sai na tsaya na karanta bayanin da ke ƙasa.

Ashe ɗigon nan ba tauraro ɗaya ba ne, gungun taurari ne masu ɗimbin yawa. Madubin hangen nesa na James Webb ne ya ɗauko shi, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, yake can kusan kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Masana sun ce hasken wasu gungun ya yi fiye da shekara biliyan 13 a hanya kafin ya iso. Saboda sararin samaniya yana ta buɗewa, hasken ya yi ta miƙewa har ya rine ya koma ja, ya ma zarce ja ya shiga infrared, irin hasken da ke fita daga rimot ɗin talabijin, wanda ido ba ya gani. Wasu kuma abin da ya sa suka yi ja shi ne ƙura ce ta lulluɓe su, wasu taurarinsu ne suka tsufa. Na nesa ana ganinsu ne a ƙuruciyarsu, sai a gwada su da na kusa a gane yadda suke girma.

Ina gama karantawa ƙaramar 'yata ta taɓa ni ta ce, "Baba, waccan mai hasken mece ce sunanta?" Na sauke wayar. Subhanallahi, sama cike fal, kuma ban san amsa ba. Kunya ta kama ni.

Mutane sun kashe kusan dala biliyan 10 da shekaru masu yawa don su hango ɗigo ɗaya. Ni an ba ni ido biyu kyauta, an shimfiɗa min sama a kan gidana kowane dare, amma na manta yaushe rabona da kallonta. Kai fa, ɗan'uwa? Ke fa, 'yar'uwa? Mu fito daga sallar Isha'i, tun ba mu sa takalmi ba hannu ya shiga aljihu. Mu farka tsakar dare, WhatsApp za mu fara dubawa. Hatta watan azumi a Facebook muke jiran ganinsa. Kakata ba ta yi boko ba, amma ta san Gamzaki, ta san Kaza da 'Ya'yanta, kuma ba ta taɓa ɗaga kai ta sauke ba tare da tasbihi ba.

Ƙarshen Ali Imrana duk mun haddace, mun kuma san Annabi (SAW) ya tashi cikin dare ya dubi sama ya karanta ayoyin. Mu muna karanta su ne idonmu a kan silin. Haba jama'a! Wannan gafala ta yi yawa, kuma da kaina na fara.

Don girman Allah, yau bayan Isha'i ku kife wayar nan ko na minti 5 ne. Ku fita da yaranku, ku ɗaga kai. Don Allah ku ɗaga kai.