Gasar Wimbledon: Masu Bugun Ƙofa Ne Suka Ɗaukaka Ta

Duk shekara, da zarar watan Yuni ya doshi ƙarewa, masu sharhin wasanni sukan ɗauko baiti ɗaya game da gasar tanis ta Wimbledon. Wai riƙo da al'ada ne sirrinta: farin kaya daga sama har ƙasa, ciyawar da ake aske wa daidai milimita 8, rumfar 'yan gidan sarauta, da dogon layin masu kwana a tanti don su sami tikiti. Ana faɗar haka sai ka ce gasar ta doshi shekara 150 ne don ta ƙi sauyawa. Ni ban yarda da wannan karatu ba. Wanda ya bi tarihin daki-daki zai ga cewa duk lokacin da darajar Wimbledon ta ƙaru, wata tsohuwar doka ce ta faɗi, kuma yawanci mutanen da aka bari a waje ne suka yi ta bugun ƙofa har aka buɗe.

Farkon abin ma ba shi da wani armashi. Kulob ɗin da ke shirya gasar, wato All England Club, an kafa shi ne a 1868 a kudu maso yammacin Landan don wani wasa daban, wanda ake buga ƙwallon katako da sanda mai kan guduma. Tanis daga baya ya shigo. A watan Yulin 1877 aka yi gasar farko, maza 22 suka ba da sunansu, kuma labarin da aka fi sani shi ne kuɗi ake nema don gyara abin daddaɓe fili da doki ke ja. Spencer Gore ya yi nasara a gaban 'yan kallo wajen 200, kowannensu ya biya sule ɗaya. Mata ba su sami gurbi ba sai 1884, lokacin da Maud Watson ta ɗauki kofi. Har zuwa 1921 zakaran bara zamansa yake yi yana jiran wanda ya doke kowa ya zo su kara sau ɗaya. A 1922 aka soke wannan gata, shekarar da gasar ta tashi daga Worple Road ta koma Church Road inda take har yau. Yaƙin duniya ya tsayar da ita sau biyu, bam ya faɗa wa babban filinta a 1940, annobar korona kuma ta hana ta a 2020.

Dokar da ta fi kowace cin mutane ita ce wadda ta ce ɗan wasa ba zai karɓi kuɗi ba. Shekara 90 aka yi a kan cewa tanis wasan sha'awa ne na 'ya'yan manya, duk wanda ya mai da shi hanyar cin abinci ya zubar da mutuncinsa, kuma babu shi babu Wimbledon. A baki abin yana da daɗin ji. A aikace kuwa ma'anarsa ita ce sai mai gado ko mai uban gida zai iya daɗewa yana bugawa.

Dubi Fred Perry. Ɗan Birtaniya ne, haifaffen Stockport, mahaifinsa ya fara rayuwa a matsayin ma'aikacin masaƙar auduga. Ya ci gasar sau uku a jere, 1934 zuwa 1936. Shi da bakinsa ya ba da labarin ranar nasararsa ta farko: yana cikin wanka a ɗakin canja kaya ya jiyo wani jami'in kulob yana gaya wa Jack Crawford, ɗan Ostireliyan da ya kayar, cewa wanda ya fi cancanta bai yi nasara ba. Ɗan ƙyallen wuya da ake bai wa zakara alamar ya zama ɗan kulob, ba a miƙa masa hannu da hannu ba, a kan kujera ya tarar an rataye masa. Da ya koma buga wasan kuɗi a ƙarshen 1936, sai aka juya masa baya gaba ɗaya. Sai a 1984 aka kafa mutum-mutuminsa a harabar filin. Birtaniya kuwa ta yi shekara 77 tana jiran wani namijin nata ya ci kofin, har Andy Murray ya zo a 2013.

Labarin Althea Gibson ya fi wannan ɗaci. Baƙar fata ce da ta tashi a unguwar Harlem ta birnin New York, a zamanin da manyan kulob-kulob na Amurka ba sa barin irinta ta taka fili. Ta fara buga Wimbledon a 1951, ta ci kofin mata a 1957, Sarauniya Elizabeth ta miƙa mata da hannunta, ta sake ci a 1958. Daga nan ta bar wasan sha'awa, tana kan ganiyarta, don kofi ba ya biyan kuɗin haya. Abokiyar wasanta Angela Buxton, Bayahudiya 'yar Ingila da suka ci kofin 'yan bibbiyu tare a 1956, ta nemi zama 'yar kulob, ta mutu a 2020 ba a karɓe ta ba. Ita ce kuma ta tashi tsaye ta tara wa Gibson taimako lokacin da tsufa, ciwo da talauci suka haɗu mata. Idan ana lissafa kyawawan al'adun Wimbledon, ya kamata a tuna cewa wannan ma yana cikin abin da aka gada.

Asarar ba ta tsaya ga talakawa ba, ta shafi wasan kansa. Rod Laver ya ci gasar a 1961 da 1962, ya koma wasan kuɗi, aka rufe masa ƙofa shekara biyar. Pancho Gonzales, wanda mutane da yawa ke ganin babu kamarsa a shekarun 1950, bai taɓa cin kofin maza na 'yan ɗaiɗai a Wimbledon ba, domin duk ƙuruciyarsa a waje ya yi ta. Ken Rosewall ya kai wasan ƙarshe a 1954 da 1956, sannan ya ɓace daga filin shekara 11. Da ya dawo ya sake kaiwa a 1970, ya kuma kai a 1974 yana da shekara 39, inda Jimmy Connors mai shekara 21 ya gama da shi 6-1, 6-1, 6-4. Kofin da ya fi so bai taɓa shiga hannunsa ba. A duk waɗannan shekaru ana kiran wanda ya ci Wimbledon zakaran duniya, alhali kowa ya san gwanayen na can suna yawo gari-gari suna bugawa a ɗakunan wasa. Waɗanda suka rage a matsayin 'yan sha'awa kuma ana cusa musu kuɗi a ɓoye da sunan kuɗin mota da masauki.

A nan ne Wimbledon ta yi abin da, a ganina, ya fi komai daraja a tarihinta, kuma dole a yaba mata. Shugaban kulob ɗin na lokacin, Herman David, ya fito fili ya kira tsarin da sunansa, ya ce ƙarya ake rayuwa a cikinta. A watan Agustan 1967 ya gayyaci ƙwararru takwas suka yi gasar gwaji a babban fili, BBC ta nuna a talabijin mai launi, jama'a suka cika wurin, Laver ya yi nasara. A watan Disamba hukumar tanis ta Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar buɗe ƙofa ga kowa, ko hukumar duniya ta yarda ko kada ta yarda. A watan Maris na 1968 hukumar duniya ta sakko. Laver ya dawo ya ci kofin a 1968 da 1969, ya nuna wa kowa abin da aka yi shekara biyar ana hana 'yan kallo gani. Da kulob ɗin ya nace wa al'ada a wannan gaɓa, da yanzu Wimbledon bikin tuna baya ne kawai. Abin lura shi ne, wannan karon ita ta ja gaba. A sauran lokutan jan ta aka yi.

Shekara biyar kacal bayan haka ta nuna tsohon halinta. Hukumar tanis ta Yugoslabiya ta dakatar da Nikola Pilić bisa zargin ya ƙi buga wa ƙasarsa wasan Kofin Davis, hukumar duniya ta goyi baya, Wimbledon ta bi sahu ta hana shi shiga gasar 1973. Sabuwar ƙungiyar 'yan wasa maza, ATP, ta ce taɓa ɗaya taɓa duka ne, 'yan wasa 81 suka janye, har da Stan Smith mai riƙe da kofin. Jaridun Ingila suka yi musu ca, suna kiransu masu kwaɗayi. Jan Kodeš ya ci kofin a shekarar. Amma daga ranar hukumomi suka gane cewa ɗan wasa ba bawansu ba ne. A watan Yunin wannan shekarar ne kuma Billie Jean King ta tara mata a wani otal a Landan suka kafa tasu ƙungiyar, WTA.

Ɗaya daga cikin jagororin wancan yajin shi ne Arthur Ashe, kuma bayan shekara biyu shi ya tsaya a wasan ƙarshe da Connors, wanda ya riga ya maka shi a kotu. Kowa ya ɗauka Connors zai murƙushe shi. Ashe ya ƙi ba shi ƙwallo mai ƙarfin da yake so, ya yi ta sassaƙa masa ita ƙasa-ƙasa, yana jefa ta gefe, yana ɗaga ta sama ta wuce kansa. Idan aka je hutu sai ya zauna ya rufe ido, bai kula kowa ba. Ya ci 6-1, 6-1, 5-7, 6-4, kuma har yau shi kaɗai ne baƙar fata namiji da ya ɗauki wannan kofi. Watanni bakwai bayan nan yana tsakiyar wasa a Legas, kwanaki kaɗan bayan kisan Janar Murtala Muhammad, sojoji suka shiga fili suka fitar da shi da bakin bindiga, gasar ta watse. Duk da haka alaƙar Najeriya da Wimbledon ba ta yanke a nan ba: a 1983 Nduka Odizor, haifaffen Legas, ya kayar da Guillermo Vilas a zagayen farko ya kai zagaye na huɗu.

Maganar kuɗin mata ita ce inda jan ƙafa ya fi fitowa fili. A 1968 Laver ya karɓi fam 2,000, Billie Jean King ta karɓi fam 750. Gasar Amurka ta daidaita kyautar maza da mata tun 1973. Wimbledon ta ƙara shekara 34 tana kawo hujjoji, har tazarar ta zama 'yar kaɗan, abin da ya nuna cewa ba rashin kuɗi ba ne, ƙin yarda ne kurum. Sai da Venus Williams ta je gaban shugabannin ta yi magana, ta rubuta sharhi a jaridar The Times a 2006, 'yan majalisar Birtaniya suka sa baki, sannan aka daidaita a 2007. Ita ce kuma ta ci kofin a shekarar. Yanzu kulob ɗin yana alfahari da wannan daidaito, kuma yana da kyau ya yi, amma sunan wadda ta matsa ya kamata ya zo gaba.

Sauran sauye-sauyen ba su tayar da ƙura sosai ba. Ƙwallo ta koma rawaya a 1986 don ta fito a talabijin, an daina tilasta wa 'yan wasa rusunawa ga rumfar sarauta a 2003 sai in sarki ko magajinsa na nan, an yi wa babban fili rufi a 2009. Bayan John Isner da Nicolas Mahut sun shafe awa 11 da minti 5 a wasa ɗaya a 2010, da wani dogon wasan a 2018, an sa iyaka ga tsawon kashin ƙarshe na kowane wasa. A 2023 aka yarda mata su sa gajeren wando mai duhu a ƙarƙashin farin kaya saboda damuwar al'adar wata, bayan su da kansu sun yi ta kuka. A 2025 na'ura ta karɓi aikin alƙalan layi. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya rage wa gasar kwarjini. Inda nake ganin ta yi tuntuɓe shi ne 2022, da ta hana 'yan Rasha da Belarus shiga saboda yaƙin Yukren. Ɗan wasa ba shi ya tura tankokin yaƙi ba, kuma gasar da ta sha wahalar koyon buɗe ƙofa bai kamata ta koma tambayar fasfo ba. ATP da WTA sun cire wa gasar makin da ake jera 'yan wasan duniya da shi, shekara ta zagayo aka janye haramcin.

Ƙofar da ta rage a rufe yanzu ta kuɗin isowa ce. A 2025 an raba fam miliyan 53.5, zakaran maza da ta mata kowa fam miliyan 3, wanda aka cire a zagayen farko ma ya tafi da fam 66,000. Amma kafin yaro ya kai wannan zagayen farko sai ya yi shekaru yana biyan koci, jirgi da masauki daga aljihun iyayensa, kuma filin ciyawa abu ne da yawancin ƙasashen duniya ba su da shi. Kashi 90 cikin 100 na rarar kuɗin gasar hukumar tanis ta Birtaniya ake bai wa, alhali 'yan wasan duniya ne ke cika fili, 'yan kallon duniya ne kuma ke sa gidajen talabijin biyan maƙudan kuɗi. Akwai asusun da manyan gasannin tanis huɗu na duniya, har da Wimbledon, suka kafa tun 1986 don tallafa wa 'yan wasa daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda ta kai wasan ƙarshe a 2022 da 2023, tana cikin waɗanda suka amfana. Mace ɗaya ta isa shaida cewa tallafin yana aiki. Kulob ɗin da ke shirin gina sabbin filaye 39 a tsohon filin golf da ke maƙwabtaka da shi yana da halin ninka abin da yake zubawa a wannan asusu sau da yawa, kuma a wannan karon ina so in ga ya yi tun kafin wani ya tilasta masa, kamar yadda Herman David ya yi a 1967.