Wanda ya gina shafi da filogin ba ƙaramin ma'aikaci ba ne

Duk wanda ya halarci zaman matasa masu harkar yanar gizo da muka yi ranar Asabar a Unguwar Rimi a Kaduna ya san abin da ya sa nake wannan rubutu, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Ƙanwarmu ta tashi ta nuna shafin da ta gina wa wata makarantar Islamiyya a Tudun Wada da WordPress, manhajar gina shafukan yanar gizo, inda ta ware darussa daban, malamai daban, littattafai daban, kowanne da gurabensa na cikewa, sai wani babba a cikinmu ya ce wannan ba aiki ba ne, danne-danne ne kawai, tunda ba ta rubuta kod, wato umarnin kwamfuta, da hannunta ba, da filogin ta yi aikin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi. Wannan magana kuskure ce, kuma zalunci ce ga yarinyar.

Malamin makarantar nan bai nemi kod ba. Abin da ya nema shi ne ya buɗe allon gudanarwa ya ga wurin da aka rubuta Darussa, ya danna, ya sa sunan littafi, ya sa sunan malamin da ya karantar, ya sa ranar karatu, ya ɗora muryar da aka naɗa, ɗalibi a Rigasa ko Kawo ya same ta cikin sauƙi ba tare da ya yi ta lalube a tsakanin sanarwar hutu da hotunan sauka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ita ta zauna da shi ta gano yoyon kafin ta taɓa kwamfuta. Gwanintar tana cikin wannan tunani, wato sanin cewa darasi nau'in bayani ne mai zaman kansa, malami ma haka, kuma akwai alaƙa tsakaninsu.

WordPress tun fitowarsa ta 3.0 a shekarar 2010 yake ba da cikakkiyar damar ƙirƙirar nau'in bayani na musamman bayan rubutu da shafi da ya zo da su. Filogin ɗin da ta yi amfani da shi, Custom Post Type UI, wannan damar ce dai yake amfani da ita, umarnin da mai rubuta kod zai kira shi ne yake kira, har ma yana da wurin da zai fitar maka da kod ɗin idan kana son ɗauka. Guraben cikewa kuwa ta yi su da wani filogin, Advanced Custom Fields (ACF), wanda manyan masu gina shafuka a duniya suke aiki da shi ba tare da jin kunya ba, kuma tun 2023 shi ma yana iya ƙirƙirar nau'in bayani da kansa. To ina ƙasƙancin yake?

Bara wani mai dillancin gidaje a Barnawa ya zo mini hankali a tashe, domin ya canja rigar shafinsa, wato tsarin da yake ba shafin kamanninsa, gidajen da ya ɗora gaba ɗaya suka ɓace daga allon gudanarwa. Wanda ya gina masa gwani ne a kod, amma ya zuba umarnin cikin fayil ɗin functions.php na rigar shafin, don haka da aka cire rigar sai nau'in gidajen ya bi ta. Bayanan suna nan a rumbun ajiyar shafin ba su goge ba, ganinsu ne kawai ya gagara, kuma gwanin ya daina ɗaukar waya. Na sa filogin, na sake yin rajistar nau'in da sunansa na asali, gidajen suka dawo. Aikin ƙanwarmu ba zai gamu da wannan ba, ko sau goma aka canja riga.

Za a ce filogin yana sa shafi nauyi. Nauyin da muke gani a shafukan Kaduna yawanci daga hotunan da ba a rage girmansu ba yake fitowa. Za a kuma tuna mini rikicin da aka yi a 2024 tsakanin WP Engine, kamfanin da ya mallaki ACF, da masu tafiyar da WordPress a kan wannan filogin. An yi shi, amma bayanan mutane sun ci gaba da zama a rumbunsu, kuma ga filogin Pods nan kyauta ga wanda yake son wata hanya. Ba na raina koyon kod, ni ma da shi nake cin abinci, amma ban yarda a mai da shi sandar dukan ƙanana ba.

Ƙanwata, ki ci gaba da aikinki. Abu biyu kawai zan ja hankalinki a kansu. Sunan ciki na nau'in bayani, wato wanda WordPress yake gane shi da shi, kada ya wuce haruffa 20, kuma kada ki sa masa ƙ ko ɗ ko ɓ, ki bar su ga sunan da mutane za su gani a allo. Sannan idan kika ƙirƙiri sabon nau'i kika buɗe shi ya nuna miki 404, wato ba a sami shafin ba, ki shiga saitin adireshin shafuka ki danna adanawa ko da ba ki canja komai ba, zai buɗe.