Ɗiyata ta ce raƙumin dawa a Kenya yake

Shekaranjiya da dare ɗiyata mai shekara 9 ta kawo mini littafinta na lakwal. An ba su aikin gida, kowa ya zana dabbar daji guda ya rubuta ƙasar da take. Ta zana raƙumin dawa, wuya zaƙwal kamar karan dawa, ƙafafu biyar. Da na tambaya ta ce ta biyar ɗin wutsiya ce. A ƙasan zanen ta rubuta Kenya. Na ce, "Uwata, wa ya gaya miki a Kenya yake?" Ta ce a talabijin ta gani. Na ce to ai akwai shi nan cikin jihar Maraɗi. Ta yi mini kallon da yaro ke yi wa babba in ya gane zolayarsa ake, ta ce, "Kai Baba!"

Ban ga laifinta ba, don ni kaina sai da na haura arba'in kafin ƙafata ta taka Gadabeji. Washegari na gwada tambayar a fadarmu, muna zaune mu bakwai ana jiran shayi na biyu. Biyar sun san Yankari, har akwai wanda ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, yana ta ba mu labari kamar shi ya haƙa shi. Gadabeji kuwa mutum ɗaya ya taɓa jin sunan, shi ma don yana sayen dabbobi a kasuwannin arewa. Wannan ne ya sa na ce sai na yi rubutun nan, ko da zai yi tsawo. Wanda ke sauri ya wuce, ba gaba.

Gadabeji gandun daji ne a arewacin Dakoro, wajen Bermo. Tun 1955, zamanin Turawan Faransa, aka keɓe shi, hekta 76,000. A lokacin akwai mariri, akwai barewa, akwai jimina, akwai raƙuman dawa. Fari na shekarun 1970 ya zo ya yi nasa aikin, bindiga da mota suka ƙarasa sauran. Na san yaran yanzu da yawa ba su san mariri ba. Farar dabba ce mai jan wuya, ƙahonta dogo ya lanƙwasa baya kamar takobi. Kakana maharbi ne, kuma a zaurensa akwai ƙahon mariri guda a rataye, ya yi baƙi da hayaƙi. Muna yara mukan sato shi mu yi wasan yaƙi. Cewa yake yi a ƙuruciyarsa, can bayan kwarin Tarka, sai ka hangi garkensu ka zaci shanun Fulani ne. A shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauran mariri ko ɗaya a daji a duk duniya, sai waɗanda ke tsare a hannun mutane. Sai a 2016 aka fara mayar da su daji, a ƙasar Cadi. Ƙahon kakana ya ɓace a wani sauyin gida, ban san inda ya shiga ba, kuma har yau abin na cina.

Raƙumin dawa ya kusa bin mariri. Irin namu na Afirka ta Yamma, mai hasken fata, a da yana yawo tun daga Senegal har bakin Tafkin Cadi. A 1996 da aka ƙirga, 49 suka rage, dukansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Ku sake karantawa: 49 a duk faɗin duniya. Gwamnati ta hana kashe su, ƙungiyoyi suka shiga, mutanen ƙauyukan suka haƙura da ɓarnar da suke musu a gonakin wake. Yau sun haura 600, kuma babu wata ƙasa da ke da wannan irin a daji sai Nijar. Da masana suka ga hatsarin tara ƙwai duka a kwando guda, a ƙarshen 2018 aka ɗauko takwas daga Kure a manyan motoci, tafiyar sama da kilomita 800, aka sauke su a Gadabeji, bayan kusan shekara 50 rabon wurin da su. A 2022 aka ƙaro huɗu. Sun zauna, har sun fara haihuwa. Kafin nan, a 2017, hukumar UNESCO ta sa Gadabeji cikin jerin wuraren da ake kiyaye halittu tare da mutanen da ke zaune kewaye da su. Duk wannan a jiharmu aka yi, mu kuma muna fada muna gardamar ƙwallon Turai.

Ni da sanyi na je, da motar wani abokina, kat-kat tsohuwa mai tari. Daga Maraɗi zuwa Dakoro ba matsala. Bayan nan ne za ka san ka bar gida. Rairayi ya riƙe mu sau biyu, muka sauka muna tonon taya da hannu, ƙarangiya ta cika mana ƙafafun wando. Mun kwana kusa da mazaunin jami'an gandun daji, da asuba bayan salla ɗaya daga cikinsu ya shiga gaban mota. Bai cika magana ba. Can sai ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Na duba ban ga komai ba sai itatuwan aduwa da bagaruwa. Ya ce, "Malam, ba ƙasa za ka duba ba, dubi sama." Sai ga kai ya fito ta saman itace, yana tauna a hankali, yana kallonmu da waɗannan manyan idanu masu dogon gashi kamar an sa musu kwalli. Harshensa baƙi-baƙi, dogo, yana naɗe ganye a tsakanin ƙaya ba tare da ta soke shi ba. Da ya gaji da mu ya juya, ƙafafun dama su tafi tare, na hagu su tafi tare, kamar raƙumin gida, amma babu ko ƙarar taku. Abokina da bakinsa ba ya rufuwa tun daga Maraɗi, ban ji ya ce uffan ba sai "Subhanallah". Gani ya kori ji.

A hanyar komawa muka tsaya a wata rijiya, wani dattijon Bafulatani na shayar da jajayen shanunsa masu manyan ƙaho. Muka gaisa, ya ba mu nono a ƙwarya. Na tambaye shi yadda yake ganin baƙin da aka kawo musu. Ya yi murmushi ya ce raƙumin dawa ba ya cin ciyawar saniya, sama yake kiwo, ba su da rigima da shi. Sannan ya ce, "Amma ɗana, daga kudu gona na tahowa, nan kuma an ce daji na hukuma ne. Ni ina zan sa ƙafa?" Ban ba shi amsa ba don ba ni da ita. Tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa makiyaya fili, amma kowa ya bi hanyar nan ya san gonaki sun tsallake ta tuntuni.

Maganar dattijon nan ita ce gindin abin. Gandun daji, yadda aka kawo mana shi, ba da shawararmu aka yi ba. Na farko a duniya, Yellowstone a Amurka, an kafa shi a 1872, kuma ƴan asalin wurin aka kawar. Namu babba, gandun W, wanda ya samo sunansa daga yadda kogin Kwara ya karkace a wurin kamar wannan harafi, ya zama gandun ƙasa a 1954, shi ma sai da aka tashi ƙauyuka. Talaka ya taso ya ga an hana shi itace, an hana shi kiwo, an hana shi farauta, sannan ya ga Bature ya zo da kyamara an buɗe masa ƙofa ana sara masa. Me kake so ya ɗauka? Ya ɗauka daji na gwamnati ne da baƙinta. Abin da ba naka ba kuwa, in ka samu sarari ci za ka yi ka share baki.

Mu mutanen Maraɗi bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan wannan ba, don mun gani a gonakinmu. Waɗanda suka ga yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El Buhari, sun san yadda ƙasar nan ta zama fayau. Ka tsaya a gona ka hangi ƙauye na gaba, iska ta binne shuka sau biyu sau uku. A lokacin itace na hukuma ne, ko a gonarka yake ka sare reshe sai tara, saboda haka manomi ya ga tsiro sai ya tumɓuke shi tun kafin ya zama masa fitina. Da aka fara sassaben zamani a nan yankin, aka bar manomi ya zaɓi tohon kututture ya gyara shi, kuma ya tabbata itacen nasa ne, me ya faru? Gawo ya dawo, kalgo da sabara suka dawo. Ana maganar hekta miliyan 5 da suka sake yin kore a kudancin Nijar, yawanci a Maraɗi da Damagaram, har daga wasu ƙasashe ake zuwa koyo. Ba soja ya tsare itatuwan nan ba. Mai gona ya ce nawa ne. Ra'ayina shi ne naman daji ma haka yake, ba zai tsira ba sai makiyayin Bermo da ɗan kasuwar Maraɗi sun ji a ransu cewa nasu ne.

Yanzu kuma lokacin gwaji ya zo, don baƙin da aka gina abin dominsu sun daina zuwa. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, direba da ɗan rakiya. Daga ranar kasuwar ƴan rakiya ta mutu. Gandun W, mai hekta wajen 220,000 a ɓangarenmu kaɗai, mai giwa da zaki da ɓauna da gwanki da dorina da tsuntsaye sama da iri 350, wanda ke jerin kayan gadon duniya tun 1996, yau mai hankali ba zai kwashi iyalinsa ya nufi Tapowa, mashigar gandun, ba. Idan kuɗin Bature ne kaɗai ke riƙe da dabbobin nan, to sun gama yawo.

Na san abin da wani zai rubuto mini a ƙasa. "Malam, buhun hatsi ya gagari mutane, kai kana maganar raƙumin dawa." Na ji, kuma ba daga sama na faɗo ba, ni ma awo nake yi. Amma ba ga mai neman na tuwon dare nake magana ba. Ina magana da alhazan garin nan da ke kai iyali Dubai hutu, har su biya kuɗi a nuna musu barewa a cikin shingen waya. Ina magana da masu makarantun kuɗi da ke karɓar kuɗin yawon buɗe ido su kai yara wurin lilo. Ina magana da mu ma'aikata da ke kashe jika hamsin a ɗinkin salla. Mota guda in ta je Gadabeji, ɗan rakiya ya samu, mai nono ta samu, mai rago ya samu, mai gyaran taya a Dakoro ya samu. Ranar da dattijon rijiyar nan ya ga raƙumin dawa na kawo masa ciniki, ba sai an roƙe shi ya tona asirin maharbi ba. Maharbin ma a yau ba irin kakana ba ne mai kwari da baka. Mai mota ne da fitila da bindiga, ya bi barewa da tuji har su faɗi don gajiya, kuma sau da yawa ya fi jami'in da zai kama shi ƙarfi.

Ko kusa da gida ma ba mu kyauta ba. Tafkin Madarumfa ga shi nan a bakin ƙofa, da kaburburan waliyyai 99, da tsuntsayen da ke sauka lokacin sanyi. Yara nawa a Maraɗi aka taɓa kai su su zauna bakin ruwan nan a nuna musu wannan belbela ce, wannan zalɓe ne? Dajin Baban Rafi, manya sun san giwaye na shigowa cikinsa daga Najeriya. Yau in an ambaci dazukan bakin iyaka, gawayi ake tunawa da masu satar mutane.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma harshenmu ne. Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, muna cewa giwa a garin wani zomo ce, muna yi wa sarki kirari da zaki da toron giwa. Yaron da bai taɓa ganin gudun barewa ba, karin maganar nan a bakinsa kamar karatun aku ne. Ni na gani a Gadabeji, guda uku, sun tashi daga gindin wata magarya, kafin in ɗaga waya sun zama ƙura.

Na yi wa ɗiyata alkawari, in Allah ya kai mu hutun sanyi kuma jami'an wurin suka ce hanya lafiya, zan kai ta. Abokina mai kat-kat ya yarda, da sharaɗin ni zan sayi mai, kuma wannan karon da shebur za mu tafi. Akwai wurin mutum uku a baya, mai so ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Ita kuwa ta goge Kenya ta rubuta Nijar, amma ta ce in malaminsu ya ba ta sifiri, ni zan je lakwal in yi masa bayani.