Minnesota ta 2023: ƙungiyar da ta ji tsoron ƙarfinta a minti 20 na ƙarshe

Daƙiƙa 10 kacal. Abin da aka ɗauka kenan a ƙarin lokaci, inda wanda ya fara ci shi ya yi nasara, kafin Jacob Quillan na jami'ar Quinnipiac ya zura ƙwallo a ragar jami'ar Minnesota ranar 8 ga Afrilun 2023 a birnin Tampa na jihar Florida, aka tashi 3 da 2, kofin ƙwallon gora na ƙanƙara na jami'o'in Amurka ya tafi wani ƙaramin gari mai suna Hamden a jihar Connecticut. Kowa maganar daƙiƙa 10 ɗin nan yake yi, ni kuwa gaskiya ban yarda a nan Minnesota ta rasa kofin ba, tun a turmi na uku ta saki abinta da hannunta, kuma abin yana min ciwo don na ƙaunaci ƙungiyar nan ta shekarar.

Ga wanda bai saba da wasan ba, a taƙaice: mutum shida shida ne a kan ƙanƙara har da gola, uku a gaba biyu a baya, turmi uku ake yi kowanne minti 20, ƙwallon kuma ba mulmulalliya ba ce, wani baƙin faifan roba ne mai tauri da ake kora da gora. Saboda tsabar gudu ba wanda yake iya daɗewa a fili, ɗan wasa zai shiga ko minti ɗaya bai cika ba ya fito wani ya faɗa, ana cikin wasan ake canjin ba sai an tsaya ba. Maki kuma ana lissafa wa mutum da ƙwallon da ya ci da wadda ya taimaka aka ci.

To bari mu fara da gaba, don nan ne abin burgewar. Minnesota, da ake wa laƙabi da Golden Gophers, ta yi wasa 40 a kakar, ta ci 29 aka doke ta 10 ta yi canjaras 1, kuma in ka raba ƙwallayenta sai ka ga sama da 4 take zurawa a kowane wasa. Layinta na farko kuwa sai dai a ce masha Allah: Logan Cooley a tsakiya, Matthew Knies da Jimmy Snuggerud a gefe da gefe. Cooley yaro ne ɗan shekara 18 a ajin farko, Arizona Coyotes ta ɗauke shi na 3 a zaɓen matasa na NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, a 2022, ya gama kakar da maki 60. Snuggerud shi ma ɗan ajin farko ne, maki 50, shi nashi bugu ne kamar harsashi. Knies shi ne ƙaton cikinsu, shi ke shiga lungu ya yi ture ya ƙwato faifan ya tsaya a bakin raga ya tare wa gola gani, maki 42, kuma shi aka ba gwarzon ɗan wasan Big Ten, rukunin jami'o'in da Minnesota take ciki. Haɗa su ukun maki 152 kenan. Abin da ya sa layin ya yi aiki ba wai don kowannensu tauraro ne ba, a'a, aikinsu ne ya bambanta, ɗaya mai ƙirƙira, ɗaya mai bugu, ɗaya mai aikin ƙarfi, ba wanda yake taka ƙafar ɗan'uwansa. Cikin mutum ukun ƙarshe da aka ware wa kyautar Hobey Baker ta gwarzon shekara, biyu daga layin nan suka fito, Cooley da Knies, ko da yake Adam Fantilli na Michigan ne ya ɗauka.

Baya fa? Mutane sukan manta da bayan ƙungiyar nan saboda hasken 'yan gaba ya rufe su, alhali a ganina nan ne asalin ƙarfinta. Kyaftin Brock Faber da Jackson LaCombe da Ryan Johnson duk suna iya tafiya gasar ƙwararru tun kafin kakar amma suka zauna don su ɗauki kofi. Faber sau biyu a jere ana ba shi gwarzon ɗan baya na Big Ten. Amma a lura da irin tsaron da suke yi, don nan ne gaɓar maganata gaba ɗaya. Su ba irin 'yan bayan da za su jeru a gaban raga suna tare bugu da jikinsu ba ne, tsaronsu gudu ne, su riga ka kaiwa ga faifan, su juya, su miƙa shi gaba da fasin ɗaya mai kyau, kafin ka ankara wasan ya koma gidanka. Wato kariyar Minnesota ita ce faifan ya zauna a hannunta can nesa da ragarta. Gola Justen Close ya yi kaka mai kyau, mutum ne mai natsuwa, amma ba a gina ƙungiyar don ya riƙa shan ruwan bugu ba.

Kakar ta tafi yadda ake so. Sun ɗauki kambun Big Ten na wasannin mako mako, duk da Michigan ta zo har gidansu ta doke su 4 da 3 a wasan ƙarshe na kofin rukunin, suka shiga gasar ƙasa ta ƙungiyoyi 16 a matsayin lamba ɗaya. Canisius ta ɗan ba su tsoro da farko sannan suka yi mata ruwan ƙwallaye 9 da 2, suka cire St. Cloud State 4 da 1, a wasan kusa da na ƙarshe kuma suna 2 da 2 da jami'ar Boston aka shiga turmi na uku suka zura huɗu aka tashi 6 da 2. A riƙe wannan, turmi na uku, ƙwallo huɗu, kwana biyu kacal kafin fainal kuma a fili ɗaya.

Sai ranar fainal. John Mittelstadt ya ci ta farko, Jaxon Nelson ya ƙara a farkon turmi na biyu, 2 da nema, kofin da suka yi shekara 20 suna nema tun 2003 ga shi nan kamar a miƙa hannu a ɗauka. Cristophe Tellier ya farke ɗaya aka tafi hutu 2 da 1. Daga nan ne na daina gane ƙungiyar da nake kallo. A turmi na uku Quinnipiac ta kai bugu 14 raga, Minnesota 2. Biyu fa! Ƙungiyar da take zura sama da huɗu a wasa, mai Cooley da Knies da Snuggerud, ta yi minti 20 ta gwada golan abokan karawa sau biyu. A wasan gaba ɗaya 30 da 15 ne. Da sun samu faifan sai su wurga shi can ƙarshen fili su ruga canji, mutum ɗaya ne ke ɗan matsawa sauran sun ja baya, Quinnipiac ta ɗauko ta sake tahowa, a sake wurgawa, ta sake tahowa, haka dai.

Duk mai kallon ƙwallon ƙafa ya san wannan, ƙungiya ta ci ɗaya ta koma ta kulle gida. Sai dai a kan ƙanƙara abin ya fi haɗari nesa ba kusa ba, don filin ƙarami ne, katanga ta zagaye shi faifan ba ya fita ka samu ka huta, kuma in an danne ka a gidanka ba ka da damar canji, mutanen da ya kamata su fita bayan daƙiƙa 40 sai su zarce, ƙafa ta mutu, in ka cilla faifan tun daga rabinka ya wuce har ƙarshe alkalin wasa ya busa a dawo da shi gidanka kuma a hana ka canja gajiyayyun. Gajiyayyen mutum kuma shi ke yin laifi. Haka aka yi, saura ƙasa da minti biyar aka kama Cooley da ɗaga gora aka fitar da shi na minti biyu, ƙungiyarsa ta ragu da mutum ɗaya. Kocin Quinnipiac Rand Pecknold bai tsaya wata-wata ba, ya cire golansa Yaniv Perets ya bar raga wayam ya ƙara ɗan gaba, saura minti 2 da daƙiƙa 47 Collin Graf ya farke. Koci ɗaya ya yi kasada da ragarsa a buɗe, ɗayan yana da mafi kyawun 'yan gaba a ƙasar ya ɗaure musu ƙafa.

Na san abin da masu kare kocin Minnesota na lokacin, Bob Motzko, za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi: wai ba Minnesota ce ta zaɓi ja baya ba, Quinnipiac ce ta tura ta. Gaskiya ne Quinnipiac ba kanwar lasa ba ce. Wasa 34 ta ci a kakar, 4 kacal aka doke ta, Perets ƙwallo 1.49 ake zura masa a wasa in an raba, kuma ita ce ta casa Michigan ɗin Fantilli 5 da 2 a wasan kusa da na ƙarshe. Ba ta da ɗan wasa ko ɗaya da aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen matasa na NHL, abin da take da shi manyan samari ne da suka daɗe tare, irin su kyaftin Zach Metsa da yake shekararsa ta biyar, sun san yadda ake toshe tsakiyar fili a hana mai gudu gudu. Shi kansa Pecknold tun 1994 yake wurin, lokacin makarantar ba ta ma shiga babban rukuni ba, ya sha kashi a fainal sau biyu, 2013 hannun Yale da 2016 hannun North Dakota, mutum irin wannan ba ka koya masa haƙuri. Duk na yarda. Amma ai wannan toshewar tana nan tun turmin farko kuma Minnesota ta ratsa ta ta ci biyu. Me ya canja? Ba Quinnipiac ce ta samo sababbin 'yan wasa a ɗakin hutu ba, Minnesota ce ta daina bin faifan da mutum biyu, 'yan bayanta suka daina hawa. In abokin karawa ya fi ka ƙwarewa a wasan haƙuri da tsare gida, kai kuma ka fi shi gudu da gwaninta, ina dalilin da za ka bar naka ka shiga nasa?

Wasu kuma sun kawo maganar fili, cewa gidan Minnesota na Mariucci a lokacin faɗinsa ƙafa 100 ne irin na Olamfik, na Tampa kuma ƙafa 85 irin na NHL, don haka masu gudu sun rasa sarari. Wannan ban ɗauke ta da muhimmanci ba, a wannan ƙaramin filin ne dai suka zura wa Boston shida.

Laifin da zan ɗora wa 'yan gaban shi ne a daren da aka fi buƙatarsu layin farko bai ci ko ɗaya ba, ƙwallayen biyu daga wasu layukan suka zo. Yara ne, biyu daga ciki shekararsu ta farko kenan, kuma an saka musu mutanen da suka girme su da shekara huɗu biyar suna manne da su, wannan ana iya fahimta. Abin da ban fahimta ba shi ne a ce an ga ana danne ka minti bayan minti kuma ba a sake musu linzami ba ko na ɗan lokaci.

To kakar nasara ce ko faɗuwa? Ni dai ba zan kira kakar da aka ci wasa 29 aka kai fainal faɗuwa ba, gaban ya cancanci yabo, bayan ma haka, har Close da aka zura wa uku shi ne ya riƙe su a turmin nan da ba don shi ba da tuni an gama. Amma a Minnesota, makarantar da take da kofi biyar, uku daga ciki a hannun koci Herb Brooks a 1974 da 1976 da 1979, ba a auna kaka da zuwa fainal, kuma wasan jami'a ba ya jira, irin wannan tarin ba ka samunsa sau biyu. Cikin 'yan kwanaki Faber ya sa hannu a ƙungiyar Minnesota Wild ta NHL, Knies ya tafi Toronto Maple Leafs, LaCombe ya tafi Anaheim Ducks, da bazara Johnson ya bi zuwa Buffalo, Cooley ma da farko ya ce zai dawo sai ga shi a watan Yuli ya sa hannu a Arizona. Cikin layin nan mai maki 152, Snuggerud kaɗai ya dawo makaranta a kaka ta gaba.