Mantuwar wanda aka zalunta a ƙuruciya ba kayan adon labari ba ce

Duk wanda ya bi littafin nan na intanet da aka kammala kwanan nan ya san abin da nake magana a kai, ba sai na kama suna ba, domin ba marubuciyar kaɗai nake nufi ba, ita dai ce ta baya-bayan nan a cikin masu irin wannan aiki. Hukuncina a kan shafin ƙarshe shi ne zalunci ne aka yi wa duk wanda aka taɓa ci wa zarafi yana yaro, kuma na kwana da ɓacin rai saboda yadda na ga mutane suna ta sambarka a zauren masu karatu. An ja mu tsawon watanni da matar da take farkawa ta ga jini a hannun rigarta ba ta san inda ta kwana ba, aka sa muka zargi miji, muka zargi kishiya, sai a ƙarshe ta zame a matakalar bene, kanta ya bugu, nan take duk abin da ƙanin mahaifinta ya yi mata tana shekara 2 ya dawo mata tiryan-tiryan, har da launin labulen ɗakin da maganganun da ya faɗa. Daga nan aka sanar da mu cewa ita ce take kashe mutane ba ta sani ba, sannan ta yi kuka a gaban mijinta ta warke sarai, aka rufe littafi da addu'a.

Ba na adawa da labaran da suke wasa da hankalin mai karatu, waɗanda mai ba da labarin kansa ba abin yarda ba ne, kuma kowane shafi yake rushe zaton da aka gina a na baya. Ina son su ƙwarai, kuma na ji daɗi da marubutanmu na intanet suka fara fita daga kewayen soyayya da kishi suka shiga wannan fage. Abin da nake ƙi abu ɗaya ne: a ɗauki fyaɗen da aka yi wa ƙaramar yarinya a ajiye shi a ƙarshen littafi a matsayin abin mamakin da za a buɗe wa mai karatu don ya ce kai, ba tare da marubuci ya tsaya ko na yini ɗaya ya tambayi yadda wannan rauni yake aiki a ƙwaƙwalwar mutum ba. Wanda bai san yadda mantuwa take ba, ba shi da hurumin gina littafi guda a kanta.

Ƙwaƙwalwa ba ta aiki yadda aka nuna mana. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da tabbatar da cewa yawancin mutane ba sa riƙe abin da ya faru da su kafin su kai wajen shekara 3, domin ɓangaren ƙwaƙwalwar da yake adana labarin rayuwa bai gama nuna ba, harshe ma bai zauna ba. Saboda haka mace mai shekara 30 da take kawo jimlolin da aka faɗa tana shekara 2 kalma bayan kalma, marubuci ne ya sa mata su a baki. Buguwar kai kuwa lalata tunani take yi, ba ta dawo da shi, kuma duk likitan da ya taɓa karɓar wanda ya yi haɗarin babur zai gaya maka haka. Babban abin da ya fi damun yawancin waɗanda aka ci wa zarafi ma ba mantuwa ba ce, kasa mantawa ce: abin yana dawo musu a mafarki, yana dawowa ido biyu, suna razana da ƙarar ƙofa, suna gudun wuri ko mutum ko lokacin da yake tuna musu. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka shigar da wannan ciwo na firgicin bayan masifa cikin kundinsu na cututtuka, ba sabon ilimi ba ne da za a ce bai iso mu ba.

Mantuwar ma tana faruwa, ban musa ba. A 1994 wata mai bincike a Amurka, Linda Meyer Williams, ta fitar da sakamakon hirar da aka yi da mata 129 waɗanda takardun asibiti suka tabbatar an kai su suna yara saboda an yi lalata da su. Bayan kimanin shekara 17, kashi 38 cikin 100 ba su ambaci abin da aka rubuta a takardarsu ba, kuma waɗanda suka fi ƙanƙanta a lokacin, da waɗanda wani na jikinsu ne ya yi musu, su suka fi yawa a cikin masu rashin tunawar. Amma abin da yake saura a ran irin waɗannan mutane ya fi kama da takardar da gara ta ci, wani layi yana nan raɗau, na kusa da shi babu shi ɗungurungum. Na san wata baiwar Allah da muka zauna a gidan biki ana raha, wani baƙo ya wuce ta tsakar gida da wani irin turare a jikinsa, sai kawai ta ajiye kwanon da yake hannunta, yatsunta suna rawa, ta tashi ta shige bayan gida ta yi ta amai. Ta san wanda ya cuce ta, tana iya kwatanta zanen ledar da aka shimfiɗa a ɗakin, amma ba ta iya cewa ajinta nawa a firamare a lokacin ba, ba ta kuma san sau nawa abin ya faru ba. Irin wannan ce mantuwar gaske, kuma ba ta warkewa da kukan dare ɗaya.

Illar abin da marubuciyar nan ta yi ita ce ta koya wa dubban masu karatu cewa tunawa ta gaskiya cikakkiya take zuwa, da rana da wata da launin labule. Gobe idan yarinya ta yi ƙarfin hali ta faɗa wa uwarta ko yayarta abin da aka yi mata, aka tambaye ta yaushe ne ta ce ba ta tuna ba, aka sake tambaya ta kawo wani abu da ya saɓa da na farko, sai a ce ƙarya take yi, domin littafi ya riga ya nuna musu yadda mai gaskiya take tunawa. Dama can a gidajenmu neman hanyar da za a ce a rufa asiri ake yi, sai ga shi an miƙa musu hujja a hannu.

Akwai kuma illa ta biyu da take fuskantar ɗaya ɓangaren, wadda Amurkawa suka ɗanɗana kuɗarta. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990 an yi yayin imani da cewa duk mai damuwa akwai wani ɓoyayyen cin zarafi a ƙuruciyarsa da ya kamata a tono, wasu masu ba da shawara suka riƙa matsa wa marasa lafiya da tambayoyi masu jan baki har suka fara tuna abin da babu tabbacin ya faru. A 1990 wata kotu a jihar Kalifoniya ta ɗaure wani mutum mai suna George Franklin bisa laifin kisan wata yarinya da aka yi tun 1969, kuma ginshiƙin shari'ar shi ne tunanin da 'yarsa ta ce ya dawo mata bayan shekara 20. A 1995 aka soke hukuncin, daga baya aka sake shi. A 1995 ɗin ce kuma masaniyar halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus da abokiyar aikinta suka wallafa gwajin da suka yi da mutum 24, inda aka ba su labarin ƙarya cewa sun taɓa ɓata a wani babban kanti suna yara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka amsa cewa sun tuna, wasu har da ƙarin bayani daga kansu. Mu da muka san yadda mara lafiya yakan kama sunan wata tsohuwa a unguwa a ce mayya ce, jama'a su taru a ƙofar gidanta, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani a kan haɗarin koya wa mutane cewa duk hoton da ya faɗo musu a rai shaida ce ba. Marubucin da ya san aikinsa zai riƙe abubuwan nan biyu tare: ana mantawa da gaske, ana kuma tuna abin da bai faru ba. A tsakaninsu ne ma sarƙaƙiyar labarin take, amma sai an yi karatu ake ganinta.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne mayar da wadda aka zalunta mai kisa. Wannan dabara ta zama ruwan dare a irin waɗannan littattafai, namu da na waje, har mai karatu yana jin an ambaci fyaɗe a ƙuruciya sai ya fara neman wuƙa a hannun yarinyar. Mafi yawan waɗanda aka ci wa zarafi ba su taɓa cutar da kowa ba, a kansu cutar take ƙarewa. Babban binciken nan da aka fara wallafawa a 1998, wanda ya shafi mutum sama da 17,000 a birnin San Diego na Amurka, ya nuna cewa gwargwadon yawan masifun da mutum ya gani yana yaro, gwargwadon yadda yake fuskantar ciwon damuwa, da shaye-shaye, da yunƙurin kashe kai, har da ciwon zuciya idan ya girma. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta Najeriya ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya gano cewa yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 suna fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka samu wani taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. To, a lissafa matan da suka biya kuɗi suka shiga zauren WhatsApp don karanta littafin nan. Da yawa daga cikinsu labarin rayuwarsu suke karantawa, suna bin jarumar da fatan a ƙarshe wani zai faɗa musu cewa ba laifinsu ba ne, sai aka ce musu irinsu ababen tsoro ne. A al'ummar da yarinyar da aka san an yi wa fyaɗe take shan wahalar samun miji, an ƙara ɗora mata tambarin mai taɓin hankali da za ta iya yanka mutum cikin dare.

Na ga masu cewa ai ƙagaggen labari ne, a bar marubuciya ta sha iska. Wannan magana ba ta karɓuwa daga mutanen da suke buɗe kowane littafi da cewa sun rubuta shi ne don faɗakarwa. Wanda ya nemi ladan faɗakarwa dole ya ɗauki nauyin gaskiyar abin da yake faɗa. Masu cewa Turawa ma haka suke rubutawa, su sani cewa Turawan sun biya farashi: littafin Sybil da ya fito a 1973 a matsayin labarin gaskiya na wata mata mai halayen mutum 16 daban-daban a jiki ɗaya ya sa masu irin wannan ciwo da ake ganowa a Amurka suka tashi daga 'yan ƙalilan zuwa dubbai, kafin wata 'yar jarida, Debbie Nathan, ta fito da hujjoji a 2011 cewa an zuba wa labarin gishiri mai yawa. Kuskuren da wasu suka riga suka gane suka yi nadama ba abin da za mu kwaso da alfahari ba ne. Masu cewa hassada ce kuwa, ba ni da amsar da zan ba su, domin ba su karanta abin da na rubuta ba.

'Yan uwana marubuta, matambayi ba ya ɓata. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, akwai a Dawanau ta Kano, akwai a Kware ta Sakkwato, akwai a Maiduguri, kuma a cikinsu akwai likitoci da ma'aikatan jinya masu jin Hausa da za su ba ku awa ɗaya idan kuka je da ladabi. Kuna tambayar malamai hukuncin idda da rabon gado kafin ku sa a littafi, domin kun san za a kama ku idan kuka yi kuskure. Ku ba ciwon waɗannan bayin Allah irin wannan darajar. Kuma da kun zauna kun saurara, da kun gane cewa ba ku buƙatar gawa uku kafin ku tayar wa mai karatu da tsigar jiki. Mace ta je gaisuwar Salla ta durƙusa a gaban mutumin da ya lalata mata ƙuruciya, ya sa mata albarka, ya miƙa wa 'yarta 'yar shekara 6 alawa ya ce ta matso kusa, uwar gidan kuma da ta san komai tana kallon ƙasa, ita kuma tana tambayar kanta ko da gaske abin ya faru ko ita ce take ruɗewa: babu shafin ƙarshen da zai kai wannan tashin hankali, kuma yana faruwa a gidaje da yawa a kowace Salla.

Sai kuma batun masu karanta littattafan nan da murya suna ɗorawa a YouTube, tunda na ji an ce wannan ma har an fara naɗarsa. Mata suna kunna su a waya a madafa, murya a sake, yara suna wasa a gefe suna ji, kuma babu wanda yake faɗin ko jimla ɗaya a farko cewa wannan kashi yana ɗauke da bayanin lalata da ƙaramar yarinya. Ana samun lokacin tallan maganin mata da atamfa na minti biyu kafin a fara karatu. Ina roƙon masu waɗannan tashoshi su ware daƙiƙa goma daga ciki su gargaɗi mai sauraro, domin uwa ta samu damar rage murya ko ta sa abin ji a kunne kafin a iso wurin.