Mun biya kuɗin gidajen ritaya, amma ba ruwa, ba wuta, ba takarda

Duk wanda ya wuce ta ƙofar rukunin gidajenmu ya ga allon da ke cewa an gina su ne domin hafsoshin soja masu ritaya da iyalansu, zai ɗauka mun huta. To ya daure ya shigo ciki ya gane wa idonsa. Ni matar soja ce. Maigidana ya cika shekara 35 ɗin da doka ta yanka wa ma'aikacin gwamnati, ya tuɓe kaki, muka kwashe komatsanmu daga bariki muka dawo nan bayan gari, cikin gidan da aka yi ta yankar kuɗinsa daga albashi, aka kuma cike sauran da garatutinsa. Abin da muka tarar ya sa na kasa yin shiru.

Mutanen gari ba su san yadda soja ke tsufa ba shi da ko fegi ba. Yau kana barikin Bukavu a Kano, gobe an tura ka Rukuba a Jos, jibi Giginya a Sakkwato ko Maimalari a Maiduguri. Tsararsa da suka shiga kasuwa ko koyarwa suna zaune wuri guda, suna ɗora bulo kan bulo har gida ya tashi. Shi kuwa yana Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, daga baya Darfur ta Sudan, ni ina bariki da yara ina kasa kunne ga rediyo. Yaushe zai tsaya kan magini? Shi ya sa da aka ce ga tsarin gidajen bayan aiki, a biya sannu a hankali, ba wanda ya yi gardama. Soja bai saba tambayar na sama da shi ba, kuma wannan ladabin ne ake cin amanarsa da shi yanzu.

An miƙa mana makulli, amma gidan kango ne da fenti. Damina ta farko silin ɗin ɗakin yara ya rufto. Bangon falo ya tsage tun daga taga har ƙasa, masai yana dawo da ruwa saboda ramin da aka haƙa masa bai kai ya kawo ba. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya ɓace, mu aka bari da sayen siminti a lokacin da buhu ya kai naira dubu 10.

Ruwa shi ne ya fi ci mini rai. An yi rijiyar burtsatse guda ɗaya da tanki a sama, aka ɗauki hoto ranar buɗe unguwa, daga nan injin ya ƙone, shi ke nan. Kullum da sassafe za ka ga dattijon da ya taɓa jagorantar bataliya tsaye a bakin ƙofa yana jiran 'yan garuwa, yana ciniki a kan jarka. Su ma sai sun ga dama suke shigowa, don hanyar ba kwalta ba kwalbati, in ruwan sama ya sauka kura ba ta turuwa, mai Keke Napep kuma a bakin titi yake sauke ka. Taransfoma ta lalace, muka yi karo-karo daga fansho aka gyara, ta sake lalacewa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, janareto ya zama kayan kallo a yawancin gidajen nan. Akwai masu ciwon sukari da allurarsu ke bukatar firji. Akwai masu hawan jini da ke kwana cikin zafin bazara ba fanka. Ba ko ɗakin shan magani a cikin unguwar, kuma in ciwo ya tashi da tsakar dare, kafin a fito da mutum daga wannan taɓon zuwa asibitin soja sai abin da Allah ya yi.

Duk da haka, kowace shekara sai an turo takardar kuɗin kula da unguwa. Kula da me? Shara mu ke biyan yara su kwashe. Masu gadi mu ke haɗa musu albashi. In ka je ofishin masu kula da rukunin ka tambaya, sai wani yaro sa'an ɗanka ya ce maka oga ba ya nan, ka rubuto a takarda. An rubuta har an gaji.

Babbar maganar ita ce takardar mallaka. Mun gama biya, rasit yana hannu, amma abin da muke riƙe da shi takardar rabon gida ce kawai. Banki ba ya karɓar ta jingina. In mai gida ya rasu, da ita ake wahalar da matarsa. Maƙwabciyata, wadda mijinta ya riga mu gidan gaskiya, ta zo mini da kuka tana cewa, "Yaya, sun ce fayil ɗin Baban yara bai cika ba, wai sai na kawo shaidar biyan farko." Shaidar da aka yanka daga albashi tun yaranta suna firamare, a ina za ta samo ta? Su da suka yanka ba su ajiye lissafi ba, sai gwauruwa mai marayu za ta ajiye?

Sannan ku zagaya layin gaba, inda aka zuba kwalta, gidaje manya masu sola a kan rufi. Kaɗan ne a cikinsu na tsofaffin sojoji. 'Yan kasuwa ne da 'yan siyasa da suka saya ta hannun dillalai, wasu ma filin da aka ware wa makaranta da asibiti aka yanka musu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na ƙin farar hula ya zauna kusa da ni, amma da sunan mazajenmu aka karɓi wannan fili daga gwamnati.

In mu iyalan hafsoshi muna wannan hali, ku auna na sajan da kofur. A cibiyar sojoji da ke Oshodi ta Legas ana koya wa masu shirin ritaya kiwon kaji da ɗinki da noma, abu mai kyau, amma wanda ya fito bariki ya faɗa ɗakin haya biyu a ina zai kafa akurkin? A watan Disambar 2024 tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja saboda bashin haƙƙoƙinsu, suka sake komawa a Janairun 2025. A watan Janairu ne kuma, ranar 15, ake ajiye furanni da sakin tattabaru domin tunawa da 'yan mazan jiya. Waɗanda suka mutu Allah ya jiƙansu, sun cancanci fiye da haka. Amma masu ran fa?

Ranku ya daɗe, manyan da ke kan kujera yau, ba sadaka muke roƙo ba. A ba kowane gida da ya gama biya takardar mallakarsa, a fara da na matan da suka rasa mazajensu. A kafe lissafin kuɗin kula da unguwa a bakin ƙofa kowa ya karanta. A fito da taswirar farko ta rukunin nan mu ga inda aka zana asibiti da makaranta, a kuma faɗa mana sunan wanda ya sa hannu aka sayar da su.