Wa Ya Zubar da Mutuncin Malam?

Malam: Kai Tanko, zo nan! Yau ka zubar mini da mutunci a gaban mai bina bashi.

Almajiri: Allah gafarta Malam, a ina ya zube? In ɗauko ƙwarya.

Malam: Ƙwaryar ƙaniyarka! Ba ka ji an ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa ba? Zauna in karantar da kai. Daga mutum aka samo mutunci, kamar yadda aka samo zumunci daga zumu, jahilci daga jahili irinka.

Almajiri: Na'am, Malam.

Malam: Kowane da muhallinsa. In wani ya tsare ka a bainar jama'a ya wanke ka tas, wannan cin mutunci ne. In ya ƙulla maka abin da ba ka yi ba ya yaɗa, ɓata suna ke nan, har gaban alƙali ana zuwa a kansa. Marar mutunci kuwa shi ne wanda bai ga kowa da gashi ba.

Almajiri: To zubarwar fa?

Malam: Ita ce mafi muni. Mutum ne da girmansa zai aikata abin kunya da hannunsa, jiya ana durƙusa masa, yau yara na nuna shi da baki. Ba wanda ya taɓa shi, shi ya tuntsurar da abinsa.

Almajiri: Da hannunsa, Malam?

Malam: Da hannunsa!

Almajiri: To ni dai abin da ka ce in faɗa na faɗa, na ce kana can wajen ta'aziyya. Sai mutumin ya ce bari ya kira ka ya yi maka gaisuwa. Wayar kuma ta yi ƙara a bayan ƙyaure.

Malam: Ai da sai ka yi tari ka danne ƙarar!

Almajiri: Na yi, Malam, har sau uku. Kai ne ka ɗaga ka ce masa kana maƙabarta.

Malam: Ni na ɗaga?

Almajiri: Da hannunka. Muna jin ka ta waya, muna jin ka ta ƙyaure. Har ya ce Allah ya jiƙan mamacin, ya tambaya ko a ɗaki za a binne shi.

Malam: Tashi ka ba ni wuri, marar mutunci!

Almajiri: To, Malam. Amma wannan da ka yi mini yanzu, cin mutunci ne ko ɓata suna? Don in rubuta a allo.